Tukwanen Toka Uku da Littafin Disi

Ke Rakiya, ajiye bokitin nan ki zo. Ku ma ku matso, tun hantsi kuke cika min kunne. Wai sabulu ba shi da wuya: a sayo soda a kanti, a zuba cikin mai, a juya, a juye a kwali, an gama. To madalla. Wanda kika yi shekaranjiya kika ba ni in gwada, ga tafin hannuna, dubi yadda ya koma. Da jariri aka wanke da shi, da yanzu uwarsa tana ƙofar gidan nan da taɓarya. Ni Lariba na fara sabulu tun Turawa na mulkin Tamale, lokacin da Vittin ɗin da kuke hawa babur ku je biki daji ne, can muke zuwa tsintar kaɗanya. Kuma an taɓa zaman shari'a a kan tukwanena, a tsakar gidan nan na Tishigu, daidai inda kike tsaye.

Aikin farko da Mma Azumi ta ba ni shi ne ƙona kara. Ƙanwar kakata ce, ita ta riƙe ni, ita ta koya min sana'ar. Shekara guda cur ban taɓa muciya ba. In an gama girbi sai mu bi gonakin Dagombawa mu roƙi karan dawa, mu haɗa da ɓawon ɗorawa, mu ƙone a wuri mai tsabta don kada ƙasa ta shiga. Tokar murhu ba ta yi, ba ta da ƙarfi. Sai a danna tokar cikin tukunya mai huji a gindi wadda aka shimfiɗa wa ciyawa, a riƙa zuba ruwa a kai kaɗan-kaɗan, yana ɗiga ƙasa, ɗis, ɗis, ja kamar shayi. Shi ne ruwan toka. Ana tara shi kwana da kwanaki cikin manyan tukwane uku, ya kwanta, rana ta sha rabinsa, ya ƙara ƙarfi. In ana so a san ya kai, sai a jefa ƙwan zabo. In ya nutse, da saura. In ya taso ya leƙo, ya yi.

Tukwanen nan uku su ne sana'ar gaba ɗaya. Kada ku ce ai tukunya ce, ga su nan birjik a kasuwa. Sabuwar tukunya, ruwan toka tsattsafowa yake ta jikinta, ki tashi da safe ki tarar bayanta ya yi fari fat, rabin wahalarki ta bi ƙasa. Sai ta yi shekaru tana sha kafin ta ƙoshi ta riƙe. Na Mma Azumi tun zamanin uwarta suke sha. Da ciwon ajali ya kama ta, dangi sun kewaye ta ana jiran wasiyya, ta buɗe ido ta neme ni, ta ce, "Lariba, kada ki bar akuya ta je kusa da tukwane." Ba ta ƙara cewa komai ba.

A shekara ta biyu ta zaunar da ni gaban ƙore biyar, kowanne da irin mansa, ta ce in san halinsu yadda na san halin mutanen gida. Ku a wurinku mai, mai ne. Ina! Man kaɗe da safe a daskare yake, ki ɗora shi a tafin hannu ya narke don ɗumin jikinki kawai. Sabulunsa ba ya kumfa sosai, amma akwai wani abu a cikinsa da toka ba ta iya ci komai daɗewarki kina juyawa, shi ke zama a fata ya sa ta laushi. Shi nake wa masu jego. Man gyaɗa ba ya daskarewa, ko da sanyi sai dai ya yi dishi-dishi, kuma sabulunsa rago ne, ki mulmula shi da yamma, da safe ki same shi ya baje a faifai. Kitsen da nake karɓa wurin mahauta shi ne mai taurin kai. Sabulunsa yana daɗewa, masu wanki suna sonsa. Sai dai in ba ki narka shi kin wanke da ruwan gishiri ba, duk wanda ya yi wanka da shi karnuka za su raka shi gida.

Alayyadi kuwa, man ƙwarar kwakwa da Tonawa, mutanen kudu, ke kawowa daga Kurmi a lori, shi ne mahaukacinsu. Ya fi kowanne cin toka, kuma ko da ruwan rijiyar garin nan mai zartsi kumfa yake har ya rufe kwano. Amma in shi kaɗai ne, fata bushewa take ta yi furu-furu. Man ja sai an dafa shi har jan ya gudu. Sau ɗaya na yi gaggawa, wani mai wanki ya wanke rigar liman da sabuluna, ranar Juma'a aka ga liman ya fito launin kabewa. Mai wankin nan ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata. Shi ya sa ba a yin sabulu da mai ɗaya. Haɗawa ake yi, kuma haɗin rani daban, na damina daban.

Na taɓa tambayar Mma Azumi, ya aka yi abin da aka yi da mai yake wanke maiƙo? Sai da ta ƙwanƙwashe ni da muciya tukuna, don na tsaya juyawa, sannan ta ba ni amsa. Ta ce mai da ruwa ba sa shiri, ki girgiza su a kwalba har hannunki ya gaji, kina ajiyewa kowa zai koma wurinsa. Toka ce ke shiga ta kama man ta fasa shi, abin da zai fito ba mai ba ne, ba toka ba ce, wani abu ne mai hannu biyu. Ɗaya ya riƙe maiƙon jikin riga, ɗaya ya riƙe ruwa, in ruwan ya tashi tafiya su tafi tare. In toka ta yi kaɗan, mai ya rage, sabulu ya yi danƙo ya yi wari. In ta yi yawa, ta cinye man ba ta ƙoshi ba, sai ta nemi na jikin mutum. Abin da ya sami tafina ke nan, Rakiya.

Shekarar da na sha wuya, Mma Azumi ba ta daɗe da rasuwa ba, ina goye da uwarki. Iska ta zo lokacin da kaɗanya ke fure, ta kakkaɓe shi tas. Mata suka shiga daji suka dawo da ƙwarya wayam. Man kaɗe ya zama sai ɗan wanda za a shafa wa jariri a cibiya. Na koma bin masu ƙosai da masu suyar doya ina karɓar tsohon mai, wanda ya yi baƙi yake kartar maƙogwaro. Kada ku yatsina fuska. Man da ya tsufa ya soma wari ya fi sabo saurin kama toka, ya riga ya fara fashewa da kansa. Matsalar dai ba shi da yawa.

Sai wani direban lori mai sayen sabuluna ya tausaya min, ya kawo min galan guda na man da suke zuba wa inji, sabo, garau, launin zuma. Ya ce Turawa suka yi shi, ai dole ya fi na gyaɗa. Na yi murna har na ba shi goro. Na ɗora tukunya, na zuba ruwan tokata mai kyau, na juya tun hantsi har la'asar. Washegari na sake. Man yana sama yana kallona, ruwan toka yana ƙasa, ko gaisawa ba su yi ba. A nan na koyi abin da Mma Azumi kanta ba ta sani ba: toka ba ta cin mai sai wanda ya fito daga abu mai rai, itace ko dabba. Na yi asarar ruwan tokar sati biyu, hayaƙin kuma ya turnuƙe unguwa har kajin maƙwabta suka ƙaurace.

Hayaƙin nan ya jawo min tankas. Ku ba ku san tankas ba. Ma'aikatan tsabta ne na Turawa, gajeren wando, hula, kowanne da dogon ludayi a hannu. Su faɗo gida ba sallama, su tsoma ludayi a randa, su ɗaga wa rana. In suka ga tsutsar sauro, sai sammaci. Ana cewa "tankas!" a bakin lungu, za ki ji mata suna kifar da randuna har unguwar Changli. Na unguwarmu sunansa ya ɓace, kowa Ludayi yake ce masa. Dogo ne siriri, Hausarsa ta kasuwa, mace ma "kai" yake ce mata.

Ya shigo ya bi hayaƙi, bai sami abin rubutawa ba, don wuta ta riga ta mutu. Yana juyawa idonsa ya faɗa kan tukwane.

"Mma, wannan na mene?"

Na ce, "Ruwan toka ne, na sabulu."

"Kwana nawa yana tsaye?"

"Wannan kwana goma. Wancan sati uku."

Ya cire hula ya mayar. "Sati uku! Kai kana kiwon sauro a nan."

Na ce, "Kai dai tsoma ludayinka ka gani. Ko ƙuda ba ya sauka a kai."

Ya juya min baya, ya sunkuya, ya yi ta 'yan ƙwaraf-ƙwaraf a bakin tukunya. Da ya juyo sai ga 'yar kwalba a hannunsa, tsutsotsi uku suna iyo a ciki. Ya ce, "Ga su, har sun yi ƙiba." Ya rubuta min takarda. Maƙwabcinmu tela da ya ɗan yi boko ya karanta min: in laifi ya tabbata, za a fasa tukwane ukun. Man kaɗe in ya ƙi bana zai zo baɗi, amma tukwanen nan in suka fashe, ni da sabulu mun rabu ke nan.

Ranar shari'a na je ofishin Baturen mulki, wanda muke kira Disi. Ya ce a kawo tukwanen. Ƙarti huɗu suka zo, suka ce ba za su ɗauku ba sai an zubar da abin ciki. Disi ya duba littafinsa, wani ƙaton baƙin littafi, ya ce doka ta hana a zubar da shaida. Aka ce to a juye a garwa a kawo. Ya sake dubawa, ya ce in aka juye, ruwan ya daina tsayuwa, ba shi ne ruwan da ake tuhuma ba. Daga ƙarshe ya ce tunda tukwane ba za su zo kotu ba, kotu za ta je wurin tukwane.

Washegari da hantsi sai ga su. An ɗauko wa Disi kujera da tebur a ka, aka kafa ƙarƙashin darbejiyar da ke can da. Tishigu kaf ta hau katanga. Matar da ke sayar da koko a bakin titi ta matso da tukunyarta ƙofar gida, ranar ba ta yi kwantai ba. Tafintan Disi wani dattijo ne mutumin Salaga, ya san Mma Azumi, yana shigowa ya yi min ta'aziyya a hankali, sannan ya ɗaure fuska ya koma ma'aikaci.

Ludayi ya ɗaga kwalbarsa ya yi bayani. Disi ya tambaye ni ko ina da abin cewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ina ya ce ya ɗebo su?" Aka ce a tukunyar tsakiya. Na ce, "To ya mayar da su gida mu gani." Disi ya ce wannan magana ce. Ludayi ya juye kwalbar. Kowa ya leƙa, har Disi ya taso. Tsutsotsin suka yi wutsil sau biyu, suka miƙe. Mutanen katanga suka sa ihu, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ni har na fara gyara zani in yi godiya.

Ashe da sauran aiki. Disi ya tsaya yana kallon tukunya, sai ya tsoma yatsa ya murza da babban yatsansa. Ya ce me ya sa yake santsi? Ni kuwa da hankalina na lokacin, na ga Bature yana son ilimi, sai na ba shi. Na ce, "Maiƙon jikinka yake ci, ranka ya daɗe. Yanzu haka yana mayar da fatar yatsanka sabulu." Tafinta ya dube ni ya ce, "In faɗa?" Na ce faɗa mana, ai gaskiya ce. Ya faɗa. Kai! Ban taɓa ganin Bature ya yi tsalle irin na ranar ba. Aka kawo ruwa ya wanke yatsa sau biyar, yana ɗaga shi yana dubawa ko yana nan. Ya koma kan littafi yana buɗawa da hannun hagu.

Tafinta ya ce, "Disi ya ce an wanke ki daga laifin ruwa. Wannan ba ruwa ba ne, guba ce. Mai ajiye guba a cikin gari, a fasa mazubinta, ita kuma a fitar da ita bayan gari."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Baba, gaya masa ba guba ba ce, yunwa take ji. In aka ba ta mai za ta kwanta. Ya ba ni wuta da lokaci in nuna masa."

Ya yarda, ina jin don yana so ya ga abin da ya tashi cinye masa yatsa. Na hura wuta, na ɗora tukunyar dahuwa, na zuba ɗan tsohon man da ya rage min, na ƙara ɗan kitse. Da ya yi zafi na fara zuba ruwan toka da ludayin duma, kaɗan-kaɗan, ina juyawa hannu ɗaya, ba a komawa baya. Ya taso da kumfa kamar zai zube, na rage wuta ya sauka. Ya yi fari, ya yi kauri kamar kunu. Rana ta take. Disi ya cire hularsa yana fifita, ya ciro agogo ya duba, ya mayar, ya sake cirowa.

Wajen azahar na yi abin da kowace mai sabulu take yi ba tare da tunani ba. Na lakato kaɗan a muciya, na hura, na taɓa a bakin harshe. Da haka ake gane sabulu, ba da ido ba. In ya cije ki kamar kin lashi garwashi, toka tana da rai, da sauran dahuwa ko a ƙara mai. In ya yi lami, ya nuna. Harshen mai sabulu shi ne ma'auninta, ba ta da wani. Wannan ya cije ni sosai. Na san sai la'asar.

Disi ya miƙe zaune. Ya ce me na yi yanzu? Aka ce ɗanɗanawa ta yi. Ya dubi wuta, ya dubi tukunya, ya dubi muciya, ya dubi man, ya buɗe littafi ya daɗe yana bin layi da yatsan da ya tsira. Tafinta ya sunkuyo kamar zai gyara takalmi, ya ce min ƙasa-ƙasa, "'Yata, saurara. Abin da ke cikin tukunya a littafin nan iri uku ne kawai. Ruwa, a fasa. Guba, a fasa. Abinci, a rufe da faifai a ƙyale. Babu sabulu a ciki. In ya tambaye ki, kin san abin da za ki ce."

Disi ya ce: an ɗora a wuta, an sa mai, an juya, an ɗanɗana. Shin wannan abinci ne?

Na ce, "Abinci ne, ranka ya daɗe."

Ya ce ruwan tukwane ukun fa?

Na ce, "Kayan miya ne."

Liman ɗin da na taɓa rina wa riga yana wurin, na ga ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Disi ya yi murmushi, abin ya zauna masa daidai cikin layi. Ya ɗauki alƙalami, sai ya tsaya, ya karanta ƙasan shafin. Da tafinta zai fassara, muryarsa ta canza. Ya ce, "Doka ta ce mai sayar da abinci sai ta ci loma guda a gaban hukuma, a tabbatar ba ya cutarwa."

Na ce, "Baba, bai nuna ba. Ya jira la'asar, ko kwano guda ne zan ci."

Ya faɗa masa. Disi ya ciro agogo. Ya ce abincin da ke kan wuta tun hantsi, ko ƙafar sa ce ta nuna, kuma shi ma nasa abincin yana jiransa. In ci yanzu, ko a koma layin guba. Ƙartin nan huɗu suna tsaye da taɓare a bayan tukwane.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Na san abin da ke cikin tukunyar nan fiye da kowa a wurin. Na lakato, na hura ya ɗan huce, na mulmula loma kamar ta tuwo, na yi bisimilla, na jefa a baki. Wayyo Allah! Kamar an cika min baki da barkono an kunna masa wuta. Na tauna, don ya ce sai ya ga na tauna. Hawaye suna zuba ina murmushi. Na haɗiye rabi, rabi ya maƙale a harshe yana aikinsa. Disi ya ce da daɗi? Na buɗe baki in ce da ɗan yaji, sai ga kumfa ta fito, ƙwaya ɗaya babba, ta tashi sama ta bi iska ta wuce ta gaban hancinsa. Ya bi ta da kallo har ta fashe, ya sa hannu a takarda.

Takardar ta ce Lariba ta Tishigu mai sayar da miya ce, kada kowa ya taɓa mata tukwane. Bai ce uffan kan kwalbar ba. Sai dai ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: tankas ɗin da ya kawo ƙara, tunda yana da himma, shi da kansa zai riƙa zuwa duk wata ya ɗanɗana miyar ya rubuta rahoto, haka kuma duk lokacin da wani ya kai ƙara. Katanga ta fashe da dariya. Ni ban yi ba, ina bayan ɗaki ina kurkure baki da ruwan tsamiya.

Kwana goma ban ci komai ba sai koko mai sanyi, da cokali. Fatar harshena ta saɓule ta fita. Da ya warke na yi murna, na ɗora tukunya. La'asar ta yi, na lakato, na taɓa a harshe. Shiru. Na ƙara, shiru. Na lashi gishiri, na lashi kanwa, na tauna barkono, duk ɗaya, kamar ina tauna tsumma. Na yi sabulun da ka, na sayar. Kwana biyu mai wanki ya dawo ya nuna min hannuwansa sun tsattsage har jini. A dahuwa ta gaba na ji tsoro na cika mai, sabulun ya yi danƙo, ya yi wari, na zubar. Ranar na zauna gaban tukwanen nan uku, lafiyarsu ƙalau ko ƙwarzane babu, na yi kuka sosai. Ga tukwane na tsirar, ga ni ban iya sabulu ba.

Ƙarshen wata sai ga Ludayi, da littafinsa, fuska a murtuke. Ya tarar ina kan dahuwa. Ya ce, "Mma, kawo miya in yi aikina in tafi." Na lakato na miƙa masa, da mugunta na yi, ba na musu. Ya taɓa a harshe. Sai na ga idonsa na hagu ya rufe ruf, kafaɗarsa ta ɗaga. Na tsaya ina kallonsa. Na zuba mai rabin ludayi, na juya, na ce, "Doka ta ce ka ɗanɗana abin da za a sayar, wancan ba shi ba ne. Zauna." Ya zauna. Can na sake ba shi. Idon ya rufe rabi. Na ƙara mai kaɗan. A karo na uku ido bai motsa ba, baki kawai ya taɓe. Na sauke tukunya. Sabulun nan, tun rasuwar Mma Azumi ban yi mai kyansa ba.

To amma wata ɗaya ya yi nisa, ni duk sati nake dahuwa. Sai na tuna ƙarshen layin Disi. Duk ranar da zan ɗora tukunya, da sassafe in leƙa wurin tela in ce, "Malam, rubuta ƙara." Ya rubuta cewa miyar Lariba tana wari, a kai ofis. Mako mai zuwa mai koko ce za ta dangwala yatsa, na gaba mahauci. Har liman ya taɓa kai ƙarata, ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, warin yana isa masallaci. A ofis ba a taɓa ganin mai abincin da ake ƙara kamata ba, kuma ba a taɓa samunta da laifi ba. Daidai la'asar Ludayi zai shigo yana huci, ya zauna kan turmi. Shekara da shekaru muna haka. Har ya kai tun kafin idon ya rufe zai ce, "Mma, kai ka cika toka yau," kuma in na yi gardama ni ke shan kunya.

Da Turawa suka tashi tafiya, aka yi ta sauye-sauye a ofis, aka sallame shi. Ni ban sani ba. Na aika ƙarata kamar kullum, na ɗora tukunya. La'asar ta yi bai zo ba. Sabulu ya yi kauri, ina juyawa ina leƙen ƙofa. Har na fara tunanin in sauke da ka. Sai na ji sallama. A duk shekarun nan bai taɓa sallama a gidan nan ba. Ya shigo da jallabiya, ba hula, ba littafi, ba ludayi, hannuwansa ma bai san inda zai sa su ba. Ya tsaya daga nesa.

Ya ce, "Mma Lariba, na bar aiki. Na zo in faɗa maka wani abu kafin in koma ƙauye. Tsutsa na ranar nan, ba a tukunyarka na samu ba. A randar gidana na ɗebo. Bakinka da ya lalace, ni ne. Ka yafe min."

Na ce, "Na sani tun ranar. Zauna ka buɗe baki, tukunya za ta ƙone."

Ya zauna kan turmi. Na lakato, na hura, na miƙa masa. Idon hagu ya rufe. Na ƙara mai.